Tulun da Inna Ta Bari Bai Nuna Ba

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta rasu da hantsin wata Talata cikin sanyin bana, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Allah ya yi mata rahama. Ni matar autanta ce, kuma na fi kowa zama da ita a ƙarshen rayuwarta, domin a gidanmu na Matameye maza ba sa wuce kaka. Da an kai hatsi rumbu sai su ɗaure kaya su tafi cin rani, a bar mu mata da yara da tsohuwa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani, kada jikokinta su tashi ba su tuna komai nata ba sai faɗa. Ta iya faɗa kam, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba.

Kafin azahar tsakar gida ta cika. Matan Dawce sun zo a amalanke, na Icirnawa a bayan babur, kowace ta tuɓe takalmi a bakin tabarma ta ce mana ya haƙuri. A ƙofar gida maza suna ta faɗin yadda ta riƙe iyali bayan rasuwar mijinta. A ciki kuwa, da an yi addu'a an shafa, sai hirar mata ta gangara kan abu guda, wato ruwan khal ɗinta. Shi ne ruwan tsamin nan da masu kanti ke kira binegir, sai dai nata da ruwan rake take yin sa, sannan ta jiƙa masa ganyaye masu ƙamshi. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda suka yi shekaru suna rigima a kan awaki, ta zauna tana share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Ba irin zagin da ba ta yi mini ba. Amma tun da aka kawo ni unguwar nan ban taɓa shan ruwa da ganyen salati a azumi ba sai da ruwan hannunta."

Wata tsohuwa daga Kance ba ta ji labarin ba sam. Ta zo ne a cika mata kwalba kamar yadda ta saba, ta yi sallama da fara'arta, sai ta ga tabarmi. Ta tsaya tana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Aka ba ta wuri ta zauna, ta ɗora kwalbar a cinya ta riƙe da hannu biyu har aka fita da gawa. Da ta tashi tafiya ta ajiye ta a bakin ɗakin Inna, ta ce a ba duk wanda zai yi amfani da ita.

Cikin ƴaƴanta mutum ɗaya ne bai samu jana'iza ba, shi ne mijina. Yayyensa maza biyu a Kano suke, sun iso ana shirin sallah. Babbar yarsu, Hajiya, ta taso daga Damagaram inda take aure, da ita aka yi wanka. Shi kuwa a Legas yake sayar da shayi, tafiyar da ba a yin ta a yini guda. Da na gaya masa a waya sai ya ce, "To, ga ni nan."

A ƙaramin ɗakin da ke bayan rumbu akwai tulun da Inna ta kafa ba da daɗewa ba. Ranar da ta ɗaure bakinsa ta ce da ni, "Wannan na auta ne. In ya nuna a ba direba ya kai masa." Bai nuna ba ta tafi. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa da sunansa, ga shi bai ga fuskarta ba, bai zuba mata ƙasa ba. Ina zaune cikin masu gaisuwa na ƙudurta a raina cewa ko me za a yi sai ruwan tulun nan ya kai bakinsa.

Sana'ar ba ta gidan ba ce, da ita Inna ta zo. Wata goggonta ce ta tafi hajji a ƙasa tun zamanin da, ta yi shekaru a Sudan kafin ta dawo, a can ta koya. Ita ta ba Inna abin da ake kira uwa. Wani abu ne mai santsi da kauri, yana kwanciya a kan ruwan kamar faifai, shi yake mayar da zaƙi tsami. Wanda bai sani ba in ya gani cewa zai yi ruwan ya ɓaci. Inna ta shigo gidan miji da guntunsa a cikin gora, kuma duk tulun da ta kafa tun daga ranar daga jikinsa ta yanka.

Lokacin rake shi ne lokacinta. Sai a kawo mata dami daga garka, mu fere, mu yayyanka, mu daka a turmi, ita kuma ta matse a farin ƙyalle har jijiyoyin hannunta su tashi. Ta zuba a tulun da sabulu bai taɓa gani ba, ta ƙara ludayi guda na tsohon khal, ta sa guntun uwa a hankali, ta rufe baki da ƙyalle ta ɗaure da zare. Iska ta shiga, ƙuda kar ya shiga. Daga nan ba a taɓa shi, ba a matsar da shi, ba a ma share ɗakin da ƙarfi. Farkon zuwana gidan nakan leƙa kullum in ga ko ya yi. Sai ta ce, "Ki bar shi, ba ke yake jira ba."

Ba ta duba tulu da ido. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce da saura, ko ta ce a kawo kwalabe. In ya nuna sai ta tace, a shiga aikin da ta fi so. Ganyen na'a-na'a da ɗoɗɗoya da tsaure a inuwa take shanya su, don rana tana kwashe musu ƙamshi. Ganye mai ɗigon ruwa ko ɗaya ba ya shiga kwalbarta. Ta dandanna ganyen a ƙasa, ta cika da khal har ya rufe shi ruf, ta toshe da totuwar masara. Ƙarfe kuwa ba ta yarda ya matso ba. Na taɓa ganin ta bi wata baƙuwa har tsakar gida da masifa saboda ta tsoma cokali, matar ta girme ni nesa ba kusa ba, ta fita ko mayafi ba ta gyara ba. Washegari Inna ta aika mata da kwalba cike, ba tare da ta ce a ba ta haƙuri ba.

Kowane ɗa da nasa haɗin. Na farin, wanda ba ta faɗin sunansa ba ta kuma zama su yi hira, ɓawon lemu da na'a-na'a take sa masa, ta ce "a kai wa wancan." Na tsakiya mai son yaji, barkono da tafarnuwa. Auta kuwa tun yana yaro sanyi ke kama masa ƙirji, shi citta da kanumfari da ɗoɗɗoya. Da shi kaɗai take wasa. In ya kira ta ce, "Kai mai shayi, har yanzu ruwa kake sayar wa mutane da sunan madara?" Shi kuma ya ce ai a gida ya koyi sayar da ruwa. A can inda suke kwana su da yawa a ɗaki guda, in suka jiƙa gari suka yanka albasa, ɗan ɗigon da zai zuba shi ke sa abin ya zama abinci. Ya taɓa gaya mini har ɓoye kwalbar yake yi cikin buhun sukari.

Mutane sukan zo su ce a ba su na ciwon kai, na basir, na hawan jini. Ta ce, "Ni ba boka ba ce. Na kwaɗo nake yi. In ciwo gare ki ga likita can." Amma in jika ya yi zazzaɓi za ka gan ta ta jiƙa tsumma da ruwa da ɗan khal ta ɗora masa a goshi kafin a samo mai babur. Ita kanta da lokotoro na asibiti ya ce tansiyonta ya hau, wato hawan jini, ta rage gishiri, ta dawo gida ta ce yaron kirki ne, sai dai da gani bai taɓa cin abinci mai daɗi ba.

Abin da ba zan manta mata ba shi ne cikina na fari. Laulayi ya kayar da ni, mijina ba ya gari, ko ruwa na sha sai ya dawo. Ni kuma kunya ta hana ni faɗa, kullum in ɗauki tuwona in shiga ɗaki in fito da kwano a rufe. Wata rana da azahar ta kira ni bayan rumbu, inda ba mai ganin mu. Ta yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa ta jiƙa a khal mai na'a-na'a. Ta ajiye a gabana ta juya mini baya tana tsince wake, don ta san ba zan iya kai loma a gaban idonta ba.

Ta ce, "Ni ban ga komai ba. Kwanon dai nake so in wanke, a ba ni shi ba komai ciki."

Na cinye tas, kuma ya zauna. Haka ta yi ta yi mini har na miƙe, ba ta taɓa ambaton maganar ba ko sau ɗaya. Tun daga lokacin nake son matar nan, son da ban taɓa gaya mata ba, don ba a faɗa.

Rigimarta mafi tsawo da ƙanin mijinta ta yi, Baffa Malam, wanda gidansa ke ƙarshen layinmu, yake kuma ba da karatu a zaurensa. Da wasa abin ya fara, irin na matar wa da ƙanin miji, daga baya ya zama gaske. Dalili shi ne ruwan rake ba ya tsallakawa daga zaƙi zuwa tsami kai tsaye. Akwai kwanakin da yake kumfa yana tsuwa, yana fitar da wani wari mai nauyi da duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake abin da bai kamata ba zai gane. Baffa ya ce a waɗannan kwanakin abin da ke cikin tulun giya ce, kuma bai ga dalilin da zai sa Musulmi ya ajiye ta a gidansa da gangan ba. Ya yarda akwai malaman da suka sauƙaƙa in ta juya ta zama khal, amma shi zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Inna ta ce, "Ni ban taɓa niyyar giya ba, ban taɓa buɗe tulu a kwanakin ba, balle in ɗanɗana. Kai da kake ta ambaton ta, a ina ka san warinta?"

Ya ce, "Matar yaya, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Shi nake ji, shi ya sa ba na jin naka."

Bai taɓa ci ba. Ita kuma ba ta taɓa yaudarar sa ba. In an yi layya ta jiƙa hanta a khal da tafarnuwa, nasa daban take gasawa a wani kasko, da gishiri da yaji kawai, ta aika ta ce a kai wa mai tsantseni. Ya aiko da goro ya ce a ba mai taurin kai. Haka suka tsufa, ba wanda ya matsa daga inda yake. Ko ya shigo gaishe ta ba ya bi ta gefen rumbu.

Ranar da za ta rasu tana zaune a rana tana tsinke ɗoɗɗoya a faifai. Ta ce in kawo mata ruwa. Na kawo na same ta ta jingina da bango, faifan yana kan ƙafarta. Na kira ta, na sake kira, sannan na ajiye kofin na fita neman mutane.

Tulun auta a lokacin yana tsakiyar waɗancan kwanakin. Ranar farko hayaniya da turaren wuta sun rufe warin. Washegari da rana ta yi zafi sai ya fito fili, na ga mata suna ɗaga hanci suna duban juna. Hajiya ta ja ni gefe. Ba na ganin laifinta har yau. Tun tana budurwa ta bar gidan, uwarta ce ta mutu, kuma mutuncin uwar take karewa.

Ta ce, "Gobe uku. Malamai za su cika gidan nan da sauka, dangin mijina za su zo daga Damagaram. Su shaƙi wannan su ce me? A zubar a wanke tulun, dama muna neman abin zuba ruwa."

Na ce, "Yaya, na auta ne. Inna ta ce a kai masa."

Ta ce, "Autan zai so a ce gidan uwarsa yana warin giya ranar ukunta?"

Ni suruka ce, ita ƴar gida. Na dai je na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina kuka, ban matsa ba. Da ta ga haka ba ta ja da ni ba, sai ta ce a kira Baffa, shi ne babba yanzu, abin da ya yanke shi ke nan. Da na ji sunansa sai na fid da rai, don na san abin da ya yi shekaru yana faɗa.

Ya shigo yana dogara sanda, mata suka ja mayafi suka ba shi hanya. Ya bi ta gefen rumbu ya tsaya a inda Inna ke tsayawa, ya ja bakin rawani ya rufe hanci. Ya daɗe yana kallon tulun da ƙyallen da ta ɗaure.

Ya ce da ni, "Ƴata, yaushe zai juya?"

Na ce, "Ban sani ba, Baffa. Ita ke ganewa da hanci. Amma da saura."

"In aka ɗauke shi aka kai wani wuri fa?"

"Uwar za ta nutse, ya lalace."

"In aka toshe bakin da laka?"

"Zai mutu. Iska yake so."

Hajiya ta ce, "Baffa, ai kai ka fi kowa sanin hukuncin."

Ya ce, "Ra'ayina yana nan inda yake, ban sauya ba. Amma na yi shekaru ina gaya mata a gaban idonta, tana ba ni amsa. Yau da ba ta da bakin amsawa ba zan zo in yi galaba a kanta ba. A bar shi."

Ya juya ya ce a kwashe tabarmi da tukwane a kai gidansa, a can za a yi addu'ar uku, maza a zaure, mata a ciki. Gidansa bai kai rabin namu ba. Ranar mutane sun zauna a matse, wasu a bakin titi, aka yi ta tambayar dalili. Wanda duk ya tambaye shi sai ya ce haka ya ga dama, bai ƙara ko kalma ba. Hajiya ba ta yi mini magana ba har ta koma, sai dai da za ta shiga mota ta riƙe hannuna ta matse.

Mijina ya iso da yammacin ranar, an riga an watse. Baffa ya raka shi maƙabarta ya nuna masa wurin. Ya dawo ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, yana cewa na gode, idonsa a bushe. Na gaya masa Inna ta kafa masa tulu, ya ce to, bai tambayi komai ba, bai kuma taɓa leƙa ɗakin ba. Abinci in na kai masa sai ya taɓa ya ture. Bai yi zancen komawa Legas ba. Ya rame, ba ya hira, in yaransa suka hau shi sai ya sauke su a hankali. Na ji tsoron shirun nan ƙwarai, don na san shi mai surutu ne.

Ni kuma kullum da safe sai in je bakin ƙofar in ja numfashi, ban san ma abin da nake nema ba. Na taɓa ganin tulun Inna ya yi baƙin gansakuka ta zubar da shi tana masifa, ina tsoron kar wannan ya bi shi. Sau da yawa hannuna ya kai kan zaren in janye. Wata safiya warin mai nauyi ya tafi, wani abu mai kaifi ya daki can cikin hancina har idona ya kawo ruwa. Na kwance ƙyallen na ga uwar tana kwance a sama, fara, lafiya lau. Na ɗebo da ludayin duma na tace, na daka citta da kanumfari sama-sama, na ɗauko ɗoɗɗoya busasshiya na dandanna a kwalba, na cika na toshe. Na ajiye a duhu ya sha ƙamshi.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba sadaka mutane sun tafi, suka rage su biyu a zaurenmu, shi da Baffa. Na yi kwaɗon zogale, na yanka albasa, na zuba khal ɗin yadda na ga tana zubawa. Na kai na durƙusa na ajiye a tsakaninsu, na koma bayan ƙofa na tsaya. Ƙamshin ya cika zauren. Mijina ya dubi kwanon, bai motsa ba.

Baffa ya sa bayan hannu ya tura kwanon gabansa. Ya ce, "Ci, ɗana. Uwarka ce ta aiko maka."

Ya yi bisimilla ya kai loma ɗaya. Ya tauna, ya tsaya. Sai ya ja gefen rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara rawa, na ji sautin da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da aka aura mini shi. Baffa ya miƙa sanda ya tura ƙofar waje ta rufe. Bai ba shi haƙuri ba, bai kuma sa hannu a kwanon ba. Ya zauna hannuwansa a kan cinya, har mijina ya gama kukansa ya share fuska, ya jawo kwanon ya cinye duka.

Allah ya yalwata wa Inna makwancinta, ya yafe mata abin da harshenta ya yi saurin faɗa, ya saka mata da abin da hannunta ya ciyar. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.